Tarihin Ginin Makaranta Mai Jure Girgizar Ƙasa a Japan

Makarantar gwamnati a Japan, ta firamare ce ko ta sakandare, kusan kamanninta ɗaya ne daga arewacin ƙasar har kudancinta. Dogon bene ne na kankare mai hawa uku ko huɗu, azuzuwa a jere suna fuskantar kudu don su sha rana, doguwar baranda a bayansu ta wajen arewa, zauren wasanni a gefe, sai fili mai faɗi a gaba. A jikin tsofaffin gine-ginen ana ganin manyan ƙarafa sun gitta tagogi, wasu a siffar X, wasu a siffar V. Ƙarafan nan babu su a zanen farko, daga baya aka ɗora su. Kusan kowane sashe na ginin, tun daga tazarar da ke tsakanin zobban rodin ginshiƙi har zuwa rashin silin a zauren wasanni, akwai girgizar ƙasar da ta jawo shi.

Ginin da aka saba ana yi masa lissafi ne a kan nauyin da ke danno shi daga sama: rufi, daɓe, kujeru da mutane. Ita kuwa girgizar ƙasa ta gefe take zuwa. Ƙasa takan fizgi harsashi gaba da baya, saman ginin ya yi nawa wajen bin ƙasansa, kuma gwargwadon nauyin gini gwargwadon ƙarfin da ke neman karya shi. Japan tana zaune a inda manyan faya-fayan ɓawon duniya huɗu suke gogar juna, saboda haka babu tsarar da ta tashi a ƙasar ba ta ga babbar girgiza ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 gwamnatin Japan ta zamanin Meiji ta rungumi ginin jan bulo irin na Turai, tana ganin shi ne alamar ci gaba. Ran 28 ga Oktoba 1891 girgizar Nobi ta afka wa yankin Gifu da Nagoya, ta kashe mutum fiye da 7,000, kuma masaƙu da ofisoshin jan bulo da ake alfahari da su suka zube. Bulo da aka jera da kwaɓi kaɗai yana ɗaukar nauyi sosai, amma da zarar an tura shi ta gefe sai ya rabu da ɗan'uwansa. A 1892 gwamnati ta kafa kwamitin binciken bala'in girgizar ƙasa, kuma daga nan ne lissafin ginin da zai jure girgiza ya zama fannin ilimi a ƙasar.

Wanda ya ba fannin ma'auninsa na farko shi ne Sano Toshikata, malami a Jami'ar Tokiyo. Ya je San Faransisko bayan girgizar 1906 ya duba abin da ya tsaya da abin da ya faɗi, ya dawo da yaƙinin cewa ƙarfe da kankare mai rodi su ne mafita. Daga baya ya kawo shawara mai sauƙin aiki: injiniya ya ɗauka cewa wani kaso na nauyin ginin yana tura shi ta gefe, ya tsara ginshiƙai da bango su iya tare wannan turi. Ɗalibinsa Naito Tachu ya ƙara da dabarar sa bangayen kankare masu rodi a cikin gini domin su ɗauki mafi yawan turin.

Ran 1 ga Satumba 1923, saura minti biyu sha biyun rana, girgizar Kanto mai ƙarfin maki 7.9 ta sami Tokiyo da Yokohama ana tsakar girkin rana. Mutum kusan 105,000 ne suka mutu ko suka ɓace, mafi yawansu a gobarar da ta biyo baya. Ginin Bankin Masana'antu na Japan, wanda Naito ya yi wa lissafi da bangayensa, ya fita kusan lafiya lau. Makarantu kuwa kusan duka na katako ne, kuma daga cikin firamare 196 na birnin Tokiyo, 117 sun ƙone ko sun rushe. A 1924 aka gyara dokar gini ta birane, aka wajabta lissafin turin gefe daidai da kashi 10 cikin 100 na nauyin gini.

Sano ne aka ɗora a kan sashen gine-gine na birnin Tokiyo lokacin sake gini, ya kuma dage cewa dukkan makarantu 117 da kankare mai rodi za a mayar da su. An yi su mafi yawa hawa uku, da manyan tagogi, da ɗakunan gwajin kimiyya, da bayan gida mai ruwa a zamanin da gidajen birnin ba su san shi ba. Guda 52 daga ciki an haɗa su da ƙaramin lambun shaƙatawa, wanda yara ke wasa a ciki, yana taimakawa wajen tare wuta, kuma mutanen unguwa suna da wurin gudu. A nan tunanin ya kafu cewa makaranta ita ce ginin da ya kamata ya fi kowane ƙarfi a unguwa, domin yara ne a cikinta da rana, kuma ita ce mafakar iyayensu ranar bala'i. Makarantar Taimei da ke unguwar Ginza, wadda aka gama a 1929, har yanzu ana karatu a cikinta. Garuruwa da yawa sun ci gaba da katako, sai da guguwar Muroto ta Satumba 1934 ta kayar da makarantu a Osaka da safe ana cikin aji, ta kashe ɗaruruwan ɗalibai, sannan kankare ya ƙara samun shiga a can.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar ilimi ta 1947 ta wajabta shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Kwatsam kowane gari ya wayi gari yana buƙatar sabuwar sakandare, ga kuma haihuwa ta yi yawa. A 1950 aka fitar da daidaitaccen zane na makarantar kankare, aji mai mita 7 da mita 9, baranda a gefe ɗaya, aka yi ta maimaita shi a ko'ina har cikin shekarun 1970. A shekarar 1950 ɗin ce sabuwar dokar gini ta ɗaga turin gefe zuwa kashi 20 cikin 100, sai dai ta kuma ɗaga iyakar abin da aka yarda rodi da kankare su ɗauka, don haka ƙarin ƙarfin bai kai yadda alƙaluman suka nuna ba.

Wannan zane yana da rauni a ɓoye. Ta faɗinsa ginin yana da ƙarfi, domin tsakanin kowane aji da na kusa da shi akwai cikakken bango. Ta tsawonsa kuwa tagogi ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu abin da ke tare turi sai ginshiƙai da bim, wato sandar kankaren da ke kwance a kansu. Abin ya fi muni ta wajen baranda. A can akan ɗaga bangon ƙasan taga ya yi tsawo, a sauko da wani daga sama, duka biyun a manne da ginshiƙi, sai ya zama ɗan guntun da ke daidai taga ne kaɗai ke iya motsi. Gajeren ginshiƙi ya fi dogo tauri, kuma a gini abin da ya fi tauri shi turi ke fara taruwa a kai. Dogon ginshiƙi yakan lanƙwasa ya dawo. Gajere ba shi da wurin lanƙwasa, sai ya tsage a karkace, girgiza ta juyo ta tsaga shi ta ɗaya ɓarin, tsagar ta zama X, kankaren ciki ya farfashe ya zubo, rodin tsaye ya buɗe waje, hawan da ke sama ya zauna a kan na ƙasa.

Haka aka gani ran 16 ga Mayu 1968, lokacin girgizar Tokachi-oki mai maki 7.9. Hawan ƙasa na wani gini a Jami'ar Hakodate ya murƙushe, kwalejin fasaha ta Hachinohe ta yi mummunar lalacewa, haka ma makarantun sakandare a Hachinohe da Misawa. Abin da ya tayar wa injiniyoyi hankali shi ne gine-ginen sababbi ne, kuma bisa doka aka yi su. Laifin yana cikin dokar kanta. Ta mayar da hankali kan ƙarfi, ta bar tambayar abin da zai faru idan girgiza ta wuce ƙarfin da aka lissafa. A lokacin ana sa zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi da tazarar santimita 30. Ginshiƙi kamar damin kara yake: ɗauri ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, idan aka danna shi sai tsakiya ta buɗe, amma idan an yi ɗaurin kusa da kusa karan ba su da inda za su. A 1971 aka rage tazarar zuwa santimita 10 a kusa da kan ginshiƙi da gindinsa. A aikin yau akan kuma lanƙwasa bakin zoben ya shige can cikin kankare, don kada ya kwance idan fatar ginshiƙin ta ɓare. Shiga Toshio na Jami'ar Tohoku ya auna yawan bango da ginshiƙi a gine-ginen da girgizar ta taɓa, ya gwada da faɗin daɓensu, ya nuna cewa masu wadataccen bangon kankare su ne suka tsira.

Girgizar Miyagi ta 12 ga Yuni 1978 ta sake fallasa gine-ginen da hawansu na ƙasa fili ne babu bango, da waɗanda bangonsu ya taru a gefe ɗaya har ginin ya murɗe. Ran 1 ga Yuni 1981 sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, kuma ita ce layin da har yau ake raba tsohon gini da sabo da shi. Ta sa lissafi mataki biyu. A matsakaiciyar girgiza, irin wadda gini zai iya gani sau da dama a rayuwarsa, kada ya lalace, kuma kada hawa ya karkata fiye da kashi 1 cikin 200 na tsayinsa. A babbar girgiza, wadda lissafinta ya ninka na farko sau biyar, an yarda ya tsattsage, har ya zama sai an rushe shi daga baya, amma kada ya faɗo a kan mutane. Don haka injiniya yakan tsara bim ya riga ginshiƙi sarewa, tunda bim da ya sare yana rataye, ginshiƙin da ya sare kuwa ya tafi da duk abin da ke kansa. Ƙa'idar ta kuma sa a duba cewa taurin hawa da hawa bai yi nisa da juna ba, kuma bango ya rarrabu daidai.

Sai dai dokar ta shafi sabon gini ne kaɗai, alhali mafi yawan makarantun ƙasar an riga an gina su. Nan ne babban sakaci a wannan tarihi. Tun 1977 akwai hanyar auna ƙarfin tsohon ginin kankare, amma in ban da wurare kamar lardin Shizuoka, inda ake fargabar babbar girgiza, ƙananan hukumomi kaɗan ne suka taɓa makarantunsu. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta riga ta bi irin wannan hanya: girgizar Long Beach ta 10 ga Maris 1933 ta rushe makarantu 70 da yamma bayan an tashi, cikin wata ɗaya aka kafa dokar Field da ta ɗora zanen makarantu da sa ido kan aikinsu a hannun jiha, amma tsofaffin gine-ginen sun ɗauki shekaru da dama kafin a gama da su.

Girgizar Kobe ta zo ran 17 ga Janairu 1995 da ƙarfe 5:46 na asuba, ta yi sanadin mutuwar mutum 6,434, mafi yawansu a ƙarƙashin gidajensu. Da masu bincike suka jera gine-ginen kankare bisa shekarar gininsu, sai hoton ya fito sarai: na kafin 1971 su suka fi rushewa, na tsakanin 1971 da 1981 sun ɗan fi dama, na bayan 1981 kaɗan ne suka yi mummunar lalacewa. Akwai makarantun da ginshiƙansu suka farfashe, kuma lokacin da abin ya faru ne kawai ya sa babu yara a ciki. Mutum fiye da 300,000 suka bar gidajensu, da yawansu suka kwana a azuzuwa da zaurukan wasanni cikin tsananin sanyi, wasu har watanni. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta kafa dokar ƙarfafa tsofaffin gine-gine.

Aikin yana farawa da bincike. Injiniyoyi sukan nemo tsohon zane, su huda bango su ciro guntun kankare a matse shi a ga ƙarfinsa, su auna kowane ginshiƙi da bango. Daga nan a fitar wa kowane hawa da maki ɗaya, wanda ya haɗa ƙarfi da iya lanƙwasa, aka rage masa gwargwadon tsufa da rashin daidaiton siffa. Ginin da ya samu 0.6 ana ɗaukarsa ya isa, amma Ma'aikatar Ilimi ta sa wa makarantu 0.7. Wanda ya gaza 0.3 yana cikin babban haɗarin rushewa.

Gyaran kansa yawanci a hutun bazara ake yinsa, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, don kada karatu ya tsaya. Ma'aikata sukan cire taga da bangon ƙasanta, su huda ramuka a jere a jikin ginshiƙai da bim, su dasa ƙusoshin rodi da gam mai ƙarfi. Sai a shigo da firam na ƙarfe mai tokara a gicciye, a tsayar da shi a cikin gurbin, a cike tazarar da ke tsakaninsa da tsohon kankare da kwaɓin da ba ya tsukewa idan ya bushe. Ana zaɓen ƙarfe a nan ne domin haske da iska su ci gaba da shiga aji. Inda ba a buƙatar taga, sai a zuba sabon bangon kankare. Gajeren ginshiƙi kuma maganinsa zarto ne: a yanka siririyar tsaga tsakaninsa da bangon da ya maƙale shi, a cusa abu mai laushi, ginshiƙin ya samu tsawonsa ya koma iya lanƙwasa. Wanda zobbansa suka yi ƙaranci akan naɗe shi da farantin ƙarfe ko ƙyallen zaren kabon. Wasu makarantun an gina musu sabon firam ne daga waje aka ɗaure shi da tsohon gini. Tun 2005 ana gwada irin waɗannan dabaru a dandamalin jijjiga na E-Defense da ke garin Miki kusa da Kobe, mai mita 20 da mita 15, wanda ke iya girgiza cikakken gini mai nauyin tan 1,200.

Kuɗi ne suka ja aikin baya. Firamare da ƙaramar sakandare na ƙananan hukumomi ne, babbar sakandare ta lardi ce, kuma ƙaramin gari mai makarantu goma ba ya iya ɗaukar nauyin gyaransu a lokaci ɗaya. A 2002 kashi 44.5 cikin 100 ne kawai na gine-ginen firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati aka tabbatar suna da ƙarfin da ake so. Abin da ya zaburar da ƙasar daga waje ya zo. Ran 12 ga Mayu 2008 da ƙarfe 2:28 na rana girgiza ta afka wa lardin Sichuwan na ƙasar Sin ana tsakar darasi, makarantu irin su sakandaren Juyuan suka rufta, kuma hukumomin lardin suka ce ɗalibai 5,335 sun mutu ko sun ɓace. A watan Yuni majalisar Japan ta ɗaga tallafin gwamnatin tsakiya daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku ga gine-ginen da suka gaza 0.3, ta kuma wajabta wa ƙananan hukumomi yin binciken da bayyana sakamakonsa ga jama'a. Wannan sharaɗi na biyu ya yi aiki ƙwarai, domin magajin garin da iyaye suka san makin makarantar 'ya'yansu ba shi da sauran uzuri. A 2015 adadin ya kai kashi 95.6, daga baya ya wuce 99.

Babbar jarrabawa ta zo ran 11 ga Maris 2011 da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar Tohoku mai maki 9.0, yara da yawa suna makaranta. Gine-ginen da aka ƙarfafa sun tsaya. Igiyar ruwan teku da girgizar ta tayar ce ta yi kisa. A firamaren Arahama da ke Sendai, ginin hawa huɗu ya ceci mutum 320 da suka haye sama. A Kamaishi, ɗaliban ƙaramar sakandare sun ruga zuwa tudu tare da yaran firamaren da ke maƙwabtaka da su, suka tsira ko da yake teku ta shanye makarantun biyu. A firamaren Okawa da ke Ishinomaki kuwa an daɗe a fili ana shawarar inda za a nufa, igiyar ta cimma su, yara 74 da ma'aikata 10 suka mutu ko suka ɓace. Tun daga nan wurin da za a kafa makaranta, da matakalar waje zuwa rufi, da hanyar gudu zuwa tudu, suka shiga cikin aikin mai zane.

Girgizar ta kuma nuna cewa gini yana iya tsayawa ya yi wa na cikinsa rauni. A zaurukan wasanni da dama silin da aka rataya ya zubo daga sama, tare da fitilu da gilashi, zauren da aka tanada don mafaka ya zama ba ya shiguwa. A 2013 Ma'aikatar Ilimi ta ba da umarnin a mayar da hankali kan cire irin wannan silin gaba ɗaya, kuma daga 2014 doka ta sa ƙa'ida ta musamman ga silin da ya wuce mita 6 a tsayi da murabba'in mita 200 a faɗi. Akwatunan littattafai, talabijin da kayan ɗakin gwaji duk ana ɗaure su da bango.

Abin da aka fi mantawa da shi yana bakin titi. Cikin mutum 28 da girgizar Miyagi ta kashe a 1978, 18 katangun bulo da ginshiƙan ƙofa ne suka faɗo musu, kuma an tsaurara ƙa'idar katanga a 1981: kada ta wuce mita 2.2, a sa mata rodi, a yi mata tokara. Duk da haka, ran 18 ga Yuni 2018 da ƙarfe 7:58 na safe, girgiza a arewacin Osaka ta kayar da katangar wurin ninƙaya ta wata firamare a garin Takatsuki a kan yarinya 'yar shekara tara da ke tafiya makaranta. Katangar mita 3.5 ce, bulo mita 1.6 da aka ɗora a kan tsohon bango, babu tokara. Ilimin da zai hana wannan mutuwa ya shekara arba'in a rubuce. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa bayan haka ya samu makarantu fiye da 12,000 da katangunsu ke da matsala, aka shiga rushe su ana sa shingen ƙarfe mara nauyi.

Sabuwar sakandaren da ake ginawa a Japan yau tana farawa ne daga binciken ƙasa, domin tun girgizar Niigata ta 1964, inda yashi mai ruwa ya narke benaye suka kwanta a gefensu ba tare da sun karye ba, aka san dole a kafa turaku har su taɓa ƙasa mai tauri. Ana son siffa miƙaƙƙiya. Idan ginin zai yi kwana kamar L, sai a raba shi gida biyu da tazara a tsakani, kowane ya yi motsinsa. Bangon ƙasan taga da tsagarsa ake zuba shi tun farko. Wasu makarantun ana ɗora su a kan matasan roba da farantin ƙarfe da aka jera hawa-hawa, ƙasa ta yi ta fizga a ƙarƙashi ginin yana lilo a hankali. Ginin farko da aka ɗora a kan roba a duniya makaranta ce, ta Pestalozzi a birnin Skopje, a 1969, amma a Japan tsadar dabarar ta sa asibitoci da dogayen benaye suka fi amfani da ita, gajeren ginin makaranta kuwa bango da tokara sukan wadatar da shi. Katako ma ya dawo, bayan dokar 2010 da ke ƙarfafa amfani da shi a gine-ginen gwamnati da gyaran 2015 da ya sauƙaƙa gina makarantar katako mai hawa uku. A harabar akan tanadi rumbun barguna da abinci, tankin ruwa, janareta ko faifan sola, da ramukan bayan gida na gaggawa da ke haɗe da magudanar gari. Babban aikin da ke gaban ƙananan hukumomi yanzu shi ne tsufa: gine-ginen shekarun 1970 da aka ƙarfafa sun haura shekara 40, rodinsu na tsatsa, fatar bangonsu na ɓarewa, kuma manufar Ma'aikatar Ilimi ita ce a yi musu babban gyara su kai shekara 70 zuwa 80 maimakon a rushe su.